Hawan keke a hanyoyin ƙauyukan Filato: shirun hanya aminci ne, ko wani haɗarin ne daban?

Sani, Bukur:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina so mu tattauna ta a tsanake. Shekara uku ke nan da na daina hawan kekena a babbar hanyar da ta haɗa Jos da Bukur, na koma ƙananan hanyoyin da ke ratsa ƙauyuka, musamman ɓangaren Vom da na Miyango. Abin da ya kore ni daga babbar hanya sananne ne ga duk wanda ya taɓa jin iskar tirela ta ture shi zuwa bakin kwalta, ko mai Keke Napep ya sha gabansa ya tsaya ɗaukar fasinja ba tare da ya duba madubi ba.

Nakan fita bayan sallar asuba, da zarar gari ya fara wayewa. A watan Disamba da Janairu sanyin Filato yakan sa yatsu su sandare a kan birki, domin garin Jos kansa yana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma iskar hunturu ba ta da abin da zai tare ta a wannan fili. Idan na wuce gidajen ƙarshe na Bukur na kama hanyar Vom, ƙarar injuna takan ragu har in riƙa jin motsin kacar kekena da numfashina. Dama da hagu duwatsu ne a ɗore bisa juna, ga shingayen ƙerana da suka kewaye gonaki, ga tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, masu noman rani suna jan ruwan zuwa kabeji da karas da tumatir. Wani lokaci nakan yi minti goma mota ɗaya ba ta wuce ni ba. Hanyar ba ta miƙe sak ba, hawa ne da gangara, hawa da gangara, ba dogo ba, amma ba ta barin ƙafa ta huta.

Makon jiya wani abokin aikina ya ce mini ina wasa da raina, wai hanyar da ba kowa a kanta ta fi babbar hanya haɗari, domin idan na faɗi babu mai ɗaga ni, idan wani ya tare ni babu mai ganina. Ban yarda da shi ba, domin a ganina abin da ke kashe mai keke shi ne ƙarfen da ya fi shi nauyi da gudu, kuma duk inda aka rage wannan ƙarfe an rage mutuwa. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na kawo ta nan, ga waɗanda suka riga ni sanin waɗannan hanyoyi.

Malam Haruna, mai gyaran keke:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni ta ɓangaren sana'ata zan ba ka amsa, domin kekunan da suka faɗi a waɗannan hanyoyi wurina ake kawo su, kuma keke ba ya ɓoye yadda aka yi ya faɗi. Wanda mota ta buge daga baya, wilin bayansa ne ke lanƙwashewa. Wanda ya faɗa rami yana gudu, wilin gaba ne ke lotsawa, tif ya fashe a wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. Wanda yashi ya kwashe a kwana kuwa, gefe guda ne ke gogewa: hannun birki, feda da gefen sirdi. Daga hanyoyin ƙauye, irin na biyu da na uku ne suka fi zuwa mini, kuma masu su kan zo da ƙafafunsu, da ɗaurin bandeji a gwiwa ko a kafaɗa. Irin na farko daga babbar hanya suke zuwa, kuma sau da yawa ba mai keken ne ke kawo shi ba. Saboda haka a wannan gaɓar ina tare da kai.

Sai dai akwai gyara. Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ake kawowa kasuwa suna zuwa da siririyar taya mai faɗin milimita 23 ko 25, wadda aka yi domin kwalta mai sulɓi. Hanyar ƙauye a nan ba ta da tabbas: kilomita biyar kwalta ce lafiya lau, daga nan ruwan damina ya cinye gefenta, daga nan kuma ta koma burji mai gargada. Ina ba mutane shawara su sa taya mai milimita 28 ko 32 idan jikin keken zai karɓa, su kuma rage iska kaɗan, kada su cika ta tam kamar dutse. Tayar da ta yi tauri da yawa tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta kama ƙasa. Kuma kada ka bar gida ba tare da tif biyu, famfo, faci da sholisho ba, domin mai facin ƙauye zai iya gyara maka tif, amma da wuya ka samu sabo daidai da siririyar tayarka a wurinsa.

Injiniya Auwal:

Ina gaishe da kowa. Na yarda da Malam Haruna a kan taya, kuma ina so in ƙara maganar giya, domin ita ce ke sa mutane da yawa su gwada tuddan Filato sau ɗaya su ce ba za su ƙara ba. Suna zaton ƙarfinsu ne ya gaza, alhali keken ne ba a shirya shi domin hawa ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Tayar keken tsere tana cin kimanin mita 2.1 a kowane zagaye. Tsofaffin kekunan gwanjo da yawa ƙaramin faifansu na gaba yana da haƙora 39, babban na baya kuma 25, wato duk taka feda zagaye ɗaya keken zai ci kusan mita 3.3, kuma wannan ita ce giyarsa mafi sauƙi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba matsala. Amma a tudun da ke ɗagawa mita 8 ko 10 a cikin kowace mita 100, dole mutum ya miƙe tsaye yana danna feda da dukan nauyinsa, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin daga baya. Idan aka sa faifan gaba mai haƙora 34, na baya kuma mai 32 ko 34, zagayen feda ɗaya zai ci mita 2 da 'yan kai kawai, sai mutum ya hau tudun yana zaune, ƙafarsa tana juyawa a hankali ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Canjin yakan buƙaci a duba ko abin sauya giyar na baya yana da tsawon da zai ɗauki babban faifai, kuma wannan aikin su Malam Haruna ne.

Inda nake so in faɗaɗa maganar shi ne, waɗannan hanyoyi dukiya ce da muka yi wa riƙon sakainar kashi. Dubi Eritriya: Asmara tana kan tudu fiye da mita 2,300, yaranta suna tasowa a kan hawa da gangara, kuma daga can Biniam Girmay ya fito, ya ci matakai uku a gasar zagayen Faransa ta 2024 ya kuma tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Dubi Ruwanda, wadda ta karɓi gasar duniya ta tseren keke a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko a Afirka, a kan hanyar da jimillar hawanta ta haura mita 5,000. Mu ma muna da Filato, muna da tsaunin Shere da ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 1,800, muna da sanyi da iska mai kyau. Abin da ya rage shi ne matasa su fito cikin ayari su yi atisaye na gaske, su koyi hawa da ƙarfi da sauka da gudu, kuma hanyar da ba motoci ita ce ta dace da wannan.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya:

Injiniya, da izininka zan tsaya a kan jimlarka ta ƙarshe, domin a nan ne na ga kuskuren da ke cikin tattaunawar tun daga farko. Kowa yana cewa hanyar da ba kowa, hanyar da ba motoci. Na yi shekaru ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a wannan yanki, kuma ina tabbatar muku hanyar nan akwai mutane a kanta. Motoci ne kawai babu. Ita ce hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ita ce matan da suka ɗauko itace ko kwanon tumatir ke bi, kuma mace mai kaya a ka ba ta iya waiwayawa da sauri. A lokacin kaka, gefen kwaltar ne wurin shanya masara da acca. Tsofaffi a tsakiyarta suke tafiya saboda sun saba za su ji ƙarar babur tun daga nesa su kauce. Keken tsere kuwa ba shi da ƙara, sai dai mutum ya gan shi a kansa.

Ba zan manta da wata yarinya ba, ba ta wuce shekara bakwai ba, da aka kawo mana da safe, ƙashin wuyanta na gaba ya karye, gefen fuskarta duk ya goge. Ta fito daga bayan shingen ƙerana da bokiti a hannu za ta tsallaka, mai keke kuma yana gangarowa. Shi ma mun ɗinke masa haɓa. Ya zauna a kan benci yana rawar jiki yana maimaita cewa bai gan ta ba, kuma na yarda da shi, domin shingen ya fi yarinyar tsawo. Mahaifiyarta ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye shi inda yake sauri zuwa da sassafe haka, ya rasa amsar da zai ba ta.

Tunda kana son lissafi, Injiniya, ka fi ni sanin cewa mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya yakan ninka sau huɗu. Wane ƙauye ne a nan ke da kwanar da ake hango mita 50 a gabanta? Ba na adawa da hawan keke, ni ma ina ƙarfafa wa masu hawan jini da ciwon suga gwiwa su motsa jiki. Amma Malam Sani ya tambaya ko hanyar ta fi aminci gare shi, ni kuma ina so a haɗa da tambayar ko zuwansa ya rage wa mutanen hanyar aminci.

Injiniya Auwal:

Malama, na karɓi wannan gyara, kuma Allah ya ba yarinyar nan lafiya mai ɗorewa. Ba gudu a cikin gari nake nufi ba, amma na yarda ban fayyace ba, kuma matashin da ya karanta maganata zai iya ɗaukar ta a matsayin izini. Duk da haka ba zan janye gaba ɗaya ba. Sauka daga tudu fasaha ce da ake koya, kuma wanda bai koye ta ba ya fi kowa haɗari, ga kansa da ga mai tafiya a ƙasa. Shi ne ke damƙe birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen wili ya yi zafi, birkin ya rage kamawa, wani lokaci ma tif ya fashe. Shi ne ke matse birkin gaba a tsakiyar kwana a kan yashi. Wanda ya iya yakan rage gudu kafin ya shiga kwana, yana kama birki yana saki, hannuwansa a ƙasan kan keken, idonsa a can gaba. A ƙasashen da na ambata, ranar tsere rufe hanya ake yi, jami'ai su tsaya a kowace mararraba. Abin da nake nema shi ne a samu wuraren da aka sani, a fili, nesa da gidaje, inda za a koya wa matasa wannan da sanin masu unguwa.

Nasiru, Kano:

Ina biye da ku daga Kano, inda tudun da muka fi sani shi ne hawan gadar sama. Ina da niyyar zuwa Jos da kekena a hutun ƙarshen shekara. Na sha wucewa ta Hawan Kibo a mota, kuma duk lokacin da na ga wannan hawa da ruwan Assop a gefensa sai in ji ina so in gwada shi da ƙafata. Shin hakan mai yiwuwa ne? Sannan ina roƙon a faɗa mini gaskiya a kan tsaro, domin abin da muke ji a labarai game da ƙauyukan Filato yana sa iyalina fargaba, kuma ban ga an taɓo shi sosai ba.

Sani, Bukur:

Malam Nasiru, barka da niyya, amma ka cire Hawan Kibo daga lissafi. Babbar hanya ce ta manyan motoci masu tasowa daga Akwanga da Abuja, kuma an san ta da haɗarin tireloli da tankokin da birki ke ƙwace musu a gangara. Ita ce ainihin irin hanyar da na gudo daga gare ta. Idan hawa kake so, akwai shi a gabashin Jos, wajen Lamingo da gindin tsaunin Shere, kuma akwai shi sosai a ƙasar Pankshin.

Maganar tsaro kuwa, ba zan rufe ka ba. Duk wanda ke zaune a nan yana tuna matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba a watan Agustan 2021, yana kuma tuna hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a ƙarshen Disamban 2023. Kowane ɓangare ya binne nasa, kuma raunin bai warke ba. Akwai makonnin da ba na fita ko kaɗan, akwai kuma hanyoyin da na daina bi har sai mutanen wurin da kansu sun ce mini an samu sauƙi. Ka'idata ita ce ba na shiga yankin da ban san kowa a cikinsa ba, ina kiran wanda na sani a daren da zan fita in tambaye shi yadda gari yake, ina gaya wa iyalina hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo, kuma ba na kai yamma a waje. Akwai kwarurrukan da waya ba ta samun sabis, wannan ma a sani. Kada ka fita kai kaɗai a zuwanka na farko, kuma kada ka dogara da taswirar waya, domin ita tana nuna inda hanya ta bi ne kawai, ba ta san abin da ya faru a ƙauyen shekaranjiya ba.

Malama Rabi, maganarki ta taɓa ni, domin na tuna sau nawa na ji haushin shanyar masara a kwana, kamar ni ne mai hanyar.

Baba Ɗanjuma, Pankshin:

'Ya'yana, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na yi aikin malanta a ƙauyukan ƙasar Angas shekaru masu yawa, kuma Rali ce ta kai ni ko'ina, baƙa mai birkin ƙarfe, giya ɗaya tak, da kariya a baya da nake ɗaure littattafai da buhun acca. Idan na zo tudun da ya fi ƙarfina sai in sauka in tura, kuma a wannan turawar na san yawancin mutanen da na sani a rayuwata, domin mai tura keke tafiyarsa ɗaya da mai tafiya a ƙasa, dole su gaisa, dole a tambaye shi daga ina zuwa ina. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da nake gani yanzu, idan samarin nan suka wuce ta ƙofar gidana, sun sa hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya, kansu a sunkuye, babu wanda ya san fuskarsu. Ban hana hular ba, ku sa ta, kai ba shi da madadi. Amma ku sani, a ƙasar da aka sha wuya, baƙon da ya rufe fuska ya wuce da gudu bai ce uffan ba, tsoro yake bari a bayansa, kuma tsoro ba ya haifar da alheri. Idan kun shigo gari ku rage gudu, ku ɗaga tabarau, ku ce sannunku da aiki. Ko Birom ne, ko Irigwe, ko Afizere, ko Angas, ko Fulani, kowa yana jin Hausa a Filato, kuma idan ka koyi gaisuwa ɗaya da harshen mutanen wurin ka ƙara samun shiga. Ku tsaya ku sayi ƙosai ko ayaba ko da kuna da guzuri a aljihu. Matar da ka saya a wurinta sau uku, ita ce za ta ce maka yau kada ka bi ta can, kuma ɗanta ne zai ɗauko ka a babur ranar da ka faɗi. Abokin aikin Sani da ya ce babu mai ɗaga shi, wanda bai gaisa da kowa ba yake nufi.

Shanu kuma, idan kun tarar suna tsallaka hanya, ku sauka ku jira. Kada ku kaɗa ƙararrawa, kada ku kutsa tsakaninsu, musamman inda akwai saniya mai ɗan maraƙi. Ku yi wa makiyayin sallama, shi zai buɗe muku hanya. Kare idan ya biyo ku a hawa ba za ku tsere masa ba, ku sauka ku sa keken tsakaninku da shi har mai shi ya kira shi. Kuma kada kowa ya ce zai yi wanka a ramin kuza don ya ji zafi, zurfinsu ba a ganin ƙarshensa, sun ci mutane da yawa.

Malam Haruna, mai gyaran keke:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Zan ƙara abu biyu da suka shafi lokaci. Na farko, damina a nan takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan ya fi sauka da rana zuwa yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. Birkin roba idan ya jiƙe, sai wilin ya yi zagaye da yawa kafin ya fara kamawa, kuma yashin da ruwa ya kwaso yakan taru daidai ƙasan gangara, a bakin kwalbati, inda gudu ya fi yawa. Robar birki ma saurin cinyewa take yi a wannan lokaci, a riƙa duba ta duk mako. Idan hadari ya haɗu kana kan fili, ka nemi gida ka fake, kada ka tsaya a ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo saboda tsawa.

Na biyu, hanyar da ta yi shiru ranar Talata ba lallai ta yi shiru ranar kasuwa ba. Wanda ya bi ɓangaren Mangu ranar Juma'a zai tarar da a-kori-kura da babura maƙare da buhunan masara da dankali tun da asuba. An hana acaɓa a cikin Jos da Bukur tun zamanin gwamnatin Jang, amma a ƙauye babur shi ne motar kowa, kuma ɗan acaɓan da ya saba hanya tasa ce yakan yanke kwana ta hannun da ba nasa ba. Ka riƙe hannunka na dama sosai a duk kwanar da ba ka ganin gabanta.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya:

Baba ya faɗi abin da na kasa faɗa. Ƙarin da zan yi na aikina ne. A sanyin hunturu mutum ba ya jin ƙishirwa, amma busasshiyar iskar tana zuƙe ruwan jiki, don haka a riƙa kurɓa ko ba a ji ƙishi ba. A sa takarda a aljihu mai ɗauke da suna, lambar wani na gida da duk wata cuta da ake fama da ita, domin wayar da aka kulle ba ta gaya mana komai. Wanda kuma kansa ya bugu, ko da ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, kada a bar shi ya sake hawa keken, kuma idan ya fara amai ko magagi a garzaya da shi babban asibiti.

Injiniya Auwal:

Na sake karanta maganar Baba sau biyu. Har yanzu ina nan a kan cewa Filato za ta iya fitar da 'yan tseren da za a ji sunansu a Afirka, kuma hakan ba zai samu ba sai da atisaye mai tsanani. Amma na ga cewa an fi buƙatar ƙarfin a hawa, inda gudun keke ba ya wuce na mai sassarfa kuma ba ya barazana ga kowa. Saboda haka ga abin da zan gaya wa samarin da muke fita tare: a ba da ƙarfi a tudu, a sauko a hankali, kuma daga gidan farko na kowane ƙauye zuwa na ƙarshe a jera ɗaya bayan ɗaya, kada a wuce gudun da za a iya amsa gaisuwa. Batun wurin koyon sauka kuwa ban bar shi ba. Akwai wata gangara a fili da nake da ita a rai, ba gida ko gona kusa, kuma zan je in ga mai unguwar wurin kafin in ambace ta a nan.

Sani, Bukur:

Na gode muku baki ɗaya. Malam Nasiru, idan Allah ya kawo ka a Disamba, ka sanar da ni mako guda kafin ka taso domin in tambayi yadda hanyoyin suke. Idan gari lafiya, za mu fara da ɓangaren Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, domin hawanta ba mai tsanani ba ne kuma ina da mutane a hanyar. Ka zo da safar hannu mai rufe yatsu da rigar da iska ba ta ratsawa, sanyin asubar nan ba irin na Kano ba ne. Kwana biyun farko za ka ji numfashinka ya ɗan gajarta a hawa, kada ka matsa wa kanka.

Malam Haruna, zan kawo maka kekena ranar Asabar bayan azahar. Ina so ka duba ko taya mai milimita 32 za ta shiga ba tare da ta goga birki ba, idan ba za ta shiga ba mu sa 28. Ka kuma nemo mini ƙararrawa mai ƙara sosai, domin tun da na sayi keken nan ba shi da ita.